Ratsi Biyu a Motar Mai-tabarau

Mai-tabarau mutum ne da ba ya jure ganin shatin yatsa a kan komai. Sana'arsa ce ta mayar da shi haka. Tun yana saurayi yake yanka gilashi yana haɗa wa mutane tabarau, kuma a shagonsa in ka dafa kanta, kafin ka gama gaisuwa ya zagayo da ɗan ƙyallensa ya goge wurin, yana murmushi yana tambayarka ya iyali. Abokan ciniki sun saba. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, takan ce da goga tana ƙarar da mutum, da tuni ita da yaranta sun siɗe kamar sabulu.

Shekarar da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, sai wata rana ya dawo gida da farar motarsa ɗauke da baƙaƙen ratsi guda biyu. Sun taso daga hancin motar, sun hau bonet, sun bi ta rufi, sun gangara har but. Ba fenti ba ne. Wata irin leda ce da ake mannawa, baƙa wuluk, amma ba ta sheƙi ko kaɗan, kamar sabon allon aji da alli bai taɓa ba.

Malama ta fito ta zagaya motar, hannu a ƙugu.

"Abban yara, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ado ne."

"Na ga ado. Mota ta koma wandon 'yan motsa jiki."

Bai kula ta ba. Ya tara iyalinsa a tsakar gida ya karanta musu dokokin da mai sitika, wanda ya manna masa ledar, ya ba shi. Ledar nan, in ji shi, kyanta shi ne rashin ƙyallinta, saboda haka duk abin da zai sa ta yi sheƙi maƙiyinta ne. Ba ta son mai kowane iri. Ba ta son buroshi, ba ta son garin sabulun wanki, kuma kada wanda ya kuskura ya kai ta wurin masu wankin mota su saita mata ruwan injinsu a gefe, ɗaye ta zai yi. Kashin tsuntsu kuwa, in ya bushe a kanta, ya zauna ke nan har abada.

"To ita me take so?" in ji Malama.

"A ƙyale ta."

"Ai kuwa mun zama ɗaya."

Ranar Asabar ta zama ranar wanka. Sai ya jira inuwar katanga ta rufe motar, bonet ya huce, sannan ya fito da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu mai sanyin hali, ɗaya na ɗauraya. Yakan fara kwarara ruwa don ƙura ta sauka da kanta, ya bi ratsin da tsumma mai laushi daga gaba zuwa baya, ba ya murzawa, ba ya zagayawa. In ya zo tsanewa sai ya riƙa ɗan dannawa a hankali kamar mai share wa jariri hawaye. Malama ta ce ko 'ya'yan da ya haifa bai taɓa yi musu wanka irin wannan ba. Ya ce ai su in sun karce suna warkewa.

Ana cikin haka aka yi wa mahaifin Malama aikin gwiwa, aka kawo shi gidan don ya yi jinya kusa da asibiti.

Baba tsohon ɗan kwana-kwana ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai murya kamar yana ba da umarni ko da ruwan sha yake nema. Rabin rayuwarsa a kashe gobara ya yi ta, ɗaya rabin kuma a goge jar motar kashe gobarar, don a wurin aikinsu in babu wuta to akwai tsumma. Mai-tabarau yana ganin girmansa ƙwarai. Tun ranar da ya je neman aure har yau bai taɓa zama a kujera ɗaya da shi ba, kuma in Baba na magana, amsarsa ba ta wuce "haka ne, Baba."

Mai gashin ƙashi ta asibitin ta ce dole Baba ya riƙa takawa kowace safiya, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. To tsakar gidan ba wani girma ne da ita ba. Daga baranda sai mota, daga mota sai katanga. Baba ya duba ya ga abin dafawa ɗaya ne a wurin. Da safe sai ya zauna a baranda, ya lakato man zafi ya mulke gwiwarsa har ta yi ƙyalli, ya miƙe da bismillah, ya dafa bonet, ya fara zagayen motar yana jan ƙafa.

Safiyar farko da Mai-tabarau ya fito da jakarsa zai tafi shago, sai ya tsaya cak. A kan baƙin ratsinsa ga tafin hannu nan zane raɗau, yatsu biyar cif, yana sheƙi. Gaba kaɗan ga wani. A kan but ga wasu. Gidan duk ya ɗauki ƙamshin man zafi.

"Ka fito, Mai-tabarau?" in ji Baba daga baranda. "Motar nan taka akwai daɗin dafawa. Ba ta da santsi."

"Haka ne, Baba."

Ya koma ɗaki da sauri ya tarar da Malama tana ɗaura ɗankwali.

"Ki yi masa magana."

"In ce masa me?"

"Ya riƙa dafa farin wurin. Ko ya wanke hannu tukuna."

Ta juyo ta dube shi ta cikin madubi. "In ce wa mahaifina, mai ɗinki a gwiwa, kada ya taɓa ledarka? Ga shi can a baranda. Bakinka ba ciwo yake ba."

"Da wane ido zan kalle shi?"

"Kai da ke sayar da idanu?"

Daga ranar Mai-tabarau ya shiga dabaru. Ya sayo wa Baba sanda mai kyau, mai roba a gindi, ya miƙa masa da hannu biyu. Baba ya juya ta, ya yaba, ya sa albarka, ya ce sanda ai ta tsofaffi ce amma ba a mayar da kyauta. Washegari ya rataye ta a madubin motar ya ci gaba da dafa bonet.

Sai Mai-tabarau ya koma ajiye motar a waje, gindin bishiyar maƙwabci. Tsuntsayen unguwa kamar an yi musu shela. Ya tashi ya tarar sun yi wa rufin ado irin nasu, ya ɓata safiyarsa yana jiƙa tsumma yana ɗorawa a kan kowane ɗigo har ya yi laushi, don ba a kankarewa. Wannan bai dame shi ba kamar abin da Malama ta gaya masa da ya dawo.

"Yau Baba ko nan da can bai taka ba. Ya fito ya ga wayam, ya koma ya zauna. Ya ce katanga kaushi gare ta."

Mai-tabarau ya ɗauki makulli ya shigo da motar.

Suka ci gaba a haka, kowa da aikinsa. Baba ya yi zagayensa ya shiga ciki ya kwanta, shi kuma ya lallaɓo kamar ɓarawo da ɗan kwanon ruwan sabulu da ƙyalle, ya bi tafukan hannun ɗaya bayan ɗaya kafin man ya shige cikin ledar. Yakan sunkuya ya karkata kai yana duba wurin ta gefen haske, ya hura masa iska, ya sake dannawa. Ya makara zuwa shago ba sau ɗaya ba. Abin da bai sani ba shi ne tagar ɗakin Baba tana kallon tsakar gida, kuma tsohon ba barci yake komawa ba.

Wata rana aka fara haƙa titin gaban shagonsa, babu wurin ajiye mota, sai ya bar ta a gida ya hau ta haya. Da la'asar ya dawo, ya turo ƙofa, ya ga abin da ya sa jakarsa ta kusa suɓucewa.

Baba ne tsaye a gaban motar, daga shi sai singileti, tawul a kafaɗa, gumi na tsiyaya, bai dafa komai ba. A ƙasa ga gwangwanin man goge mota a buɗe. Ratsin dama, daga hancin motar har gindin gilashi, yana walƙiya kamar goshin da aka shafa wa mai. Na hagu yana nan yadda yake, dishi-dishi, kamar ɗan'uwan da aka bari a ƙauye.

"Yauwa, ka zo a daidai!" Baba ya buɗe hannu. "Zo ka duba fuskarka."

Mai-tabarau ya matso. Ya kuwa ga fuskarsa, baki a buɗe.

"Kullum ina kallonka ta taga," in ji Baba. "Kana goga, kana hurawa, kana leƙe, abu ya ƙi haske. Na ce yaron nan kunya ce ta hana shi tambaya. Ruwa da sabulu ba sa fito da baƙi, ɗana. Sai da mai, sai da ƙarfi. Ni da na riƙe motar da shugabanmu ke gyara hularsa a jikin ƙofarta?"

"Baba... man a ina aka samo?"

"Kantin bakin titi. Da ƙafata na je."

Malama tana tsaye a baranda ta toshe baki da gefen mayafinta. Idanunta sun cika da ruwa, kuma Mai-tabarau ya kasa gane na dariya ne ko na ganin mahaifinta tsaye da ƙafafunsa. Ita ma da alama ba ta sani ba.

"Sannu da aiki, Baba. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Yau na gaji. Gobe in Allah ya kai mu sai in yi ɗayan, in hau rufin ma in akwai benci."

Mai-tabarau ya shige ɗaki ya zauna a bakin gado da takalmansa. Malama ta biyo shi ta rufe ƙofa, ta faɗa kan katifa, ta danna fuska a filo, kafaɗunta na rawa.

"Ki yi dariyarki a fili, ba komai."

"Wallahi ba dariya nake ba," ta ce, sannan ta fashe. Da ta samu numfashi ta zauna ta dafa shi. "Ka yi haƙuri. Na dawo daga makaranta na tarar ya yi nisa. Amma Abban yara, har bakin titi fa ya je. Mutumin da ake riƙewa zuwa banɗaki."

"Na gani."

Ya fito da waya ya kira mai sitika, ya yi masa bayani da ƙaramar murya kamar mai ba da labarin rasuwa.

"Shafawa kawai aka yi, ko an goga?" in ji mai sitika.

"An goga."

"Da ƙarfi?"

"Tsohon ɗan kwana-kwana ne."

Mai sitika ya ce, "To Allah ya ba da haƙuri. Man ana iya rage shi, amma inda aka murje ya murju. Sai dai a ɓare wannan a manna sabo. Ka dai ceci ɗayan."

Ceton ɗayan kuwa hanyarsa ɗaya ce, kuma Mai-tabarau ya san ta. Washegari da safe ya fito ya tarar Baba har ya riga shi, ya janyo benci, ya ajiye gwangwani a kai, yana naɗe tsumma a yatsunsa. Ya je ya durƙusa a gefensa ya gaishe shi. Ya tambayi gwiwa. Ya tambayi barci. Ya sake tambayar gwiwa.

"Gwiwa dai ita ce ka tambaya ɗazu," in ji Baba. "Akwai magana a bakinka."

"Baba, dama... ita wannan ledar, wato yadda aka yi ta... masu yin ta, da suka yi ta..."

"Ina jin ka."

"Ba a so ta yi sheƙi. Haka ake sayar da ita. Rashin hasken shi ne adon."

Baba ya dubi ratsin hagu, ya dubi na dama, ya dubi surukinsa.

"Wato da gangan ne?"

"Da gangan ne, Baba."

"Ka ɗauki mota lafiyayya, da ƙafarka, ka kai aka dusashe ta?"

"Haka ne, Baba."

Tsohon ya zauna a kan bencin a hankali. Sai dariya ta kama shi, irin wadda ke farawa daga ciki, har ya riƙa bugun cinyarsa mai lafiya yana salati. Ya ce shi dai ya ga zamani. Ya ce da a wurin aikinsu ne, da wanda ya kawo wannan leda ya kwana yana tsallen kwaɗo. Mai-tabarau na durƙushe yana murmushin dole.

Can dariyar ta lafa. Baba ya goge ido da tawul, yana kallon tafin hannunsa.

"To me kake gogewa kowace safiya?"

Mai-tabarau ya sunkuyar da kai.

"Hannuna ne," in ji Baba. Ba tambaya ba ce. "Man gwiwa."

"Ba wani abu ba ne, Baba. Nan da nan yake fita."

"Duk tsawon kwanakin nan kana bin bayana da tsumma, ka kasa cewa Baba matsa hannunka nan da nan? Da bakin da ka zo ka nemi 'yata, shi ne ya gagara faɗin wannan?"

"Wancan ma ai kawuna ne ya yi maganar."

Baba ya sake tuntsirewa. Ya miƙa hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya tsaya, ya duba tafin, ya goge shi a tawul tukuna, sannan ya dafa.

"Tashi. Ɓarna dai na yi ta, kuma da zuciya ɗaya na yi. Kai ni in ga mutumin nan mai sayar da duhu."

Suka tafi tare. Shagon mai sitika wata doguwar rumfa ce mai tsabta, an jera naɗaɗɗun ledoji launi-launi a jikin bango. Aka ba Baba kujera ya ƙi zama. Ya tsaya a kan mai sitika yana kallo, aka hura wa ratsin iska mai zafi da wani abu kamar na busar da gashi, aka kama gefe aka janye shi a hankali, ya taso ɗungurungum, farin fenti ya bayyana a ƙasa ko ƙwarzane babu. Wannan ya burge Baba. Da aka zo shimfiɗa sabon, shi ya riƙe ɗaya bakin, yana rufe ido ɗaya yana cewa a ɗan matsa hagu, kuma da aka auna aka ga gaskiyarsa. Ya yi ta jefo tambayoyi. In tsuntsu ya yi fa? In fetur ya zuba? In rana ta yi yawa? Mai sitika na amsawa, Baba na gyaɗa kai kamar ana ba shi bayanin sabon injin feshi.

"Ba wai na yarda abin yana da kyau ba," ya ce da suka fito. "Amma kowace mota da dokarta. In haka take so, haka za a yi mata."

Daga ranar wankin mota ya bar hannun Mai-tabarau. Baba ya karɓe bokitan biyu, ya ware tsummokara, na ratsi daban na taya daban, ya kafa ƙusa a baranda ya rataye su. Yakan wanke hannu har gwiwar hannu kafin ya fara. Ya hana yara buga ƙwallo a tsakar gida, ya kori maƙwabcin da ya zo hira ya jingina da but, har Malama sai da ya yi wa faɗa don ta ɗora jakar cefane a bonet. Ita kuwa ta ce da mai ciwon goge-goge ɗaya take fama, yanzu sun zama biyu, kuma ɗayan ba ta isa ta mayar masa da magana ba. Zagayen mota da tsugunno da miƙewa suka yi wa gwiwar abin da mai gashin ƙashi ta daɗe tana roƙo. Da ta duba shi na ƙarshe ta ce ya koma gida abinsa.

Ranar tafiya aka sa jakarsa a but. Malama ta zauna a baya, Baba ya shiga gaba ya ɗaura bel, Mai-tabarau ya ja mota suka fita daga gari. Hanya ta buɗe, shimfiɗaɗɗiya, babu kowa sai su. Wata tsohuwar motar ɗaukar yashi ta zo ta wuce su. Can mai babur ɗauke da katifa shi ma ya wuce, har ya waiwayo.

Baba ya leƙa allurar gudu, ya dubi direban.

"Mai-tabarau."

"Na'am, Baba."

"Ratsin nan, ba irin na motocin tsere ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"To ƙwai muka ɗauko?"

Malama ta ce daga baya, "Baba, haka yake tuƙi tun da na san shi."

"Ni na yi shekaru a motar da in ta taho kowa ke darewa. Kada ka sa a gan ni a garinmu mai katifa ya riga ni isa. Taka ta, ɗana."

Mai-tabarau ya gyara zaman tabaransa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya taka. Ba wani gudu ba ne na a zo a gani, amma sun kamo mai katifar a kan gada, kuma da suka zo wuce shi Baba ya sauke gilashi ya ɗaga masa hannu.